Lissafin Fallaye: Tarihin Wata Tambaya da Ta Ratsa Faransa, Rasha, Japan da Birazil

Duk wanda ya san ƙasar Birnin Gwari, daga cikin gari zuwa Dogon Dawa a kan hanyar Funtuwa, ya san an daɗe ana haƙar zinariya a dazukanta. Masu wannan sana'a sun fi kowa sanin halin dutsen yankin. Da yawansa falle-falle yake, wani a kan wani. In aka sa masa guduma ta inda fallayen suka bi, sai ya tsage sumul. In aka sare shi a gicciye, sai ya yi gardama. A wani ramin fallayen sun miƙe sambal, a wani sun lanƙwashe sun yi doro, a wani kuma sun cukurkuɗe har ido ba ya iya cewa ga inda suka dosa. Masana ilmin ƙasa sun ce matsi da zafi ne suka yi wannan aiki, lokacin wani gagarumin motsin ƙasa da ya ratsa Afirka kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce.

Abubuwa uku ne a jikin wannan dutse: fallayen da ke jere ba tare da wani ya ratsa wani ba, da wuraren da jerin ya rikice, da sauyin da matsi ke kawo wa tsarin gaba ɗaya. A kan irin waɗannan abubuwa uku aka gina wani reshe na lissafin zamani, wanda za mu kira lissafin fallaye. Fallayensa amsoshin lissafi ne, kuma suna zaune a sararin da ido bai taɓa gani ba. Babbar tambayarsa ita ce: in aka ɗan jirkita dokar da ta haifi tsarin, me zai sauya, me zai tsaya? An shafe fiye da ƙarni guda ana bin wannan tambaya daga hannu zuwa hannu, kuma amsar da aka samu ta saɓa wa abin da masana suka zata.

Dokar da ta ƙi warwaruwa

A ƙarshen ƙarni na 17 ne Isaac Newton na Ingila da Gottfried Leibniz na Jamus suka ƙirƙiro kalkulas, lissafin da ke auna sauyi. Daga cikinsa aka samu dokar sauyi, wadda ɗaliban jami'a ke kira difarenshiyal ikweshan. Dokar sauyi ba ta gaya maka inda abu zai kasance gobe. Iyakar abin da take faɗa shi ne: in abu yana nan yanzu, ga inda zai nufa, ga kuma saurinsa. Aikin mai lissafi ne ya haɗa waɗannan ƙananan umarni ya fitar da hanyar tun daga farko har ƙarshe. Da haka aka gane tafiyar duniyoyi a kewayen rana, da yadda ruwan zafi ke hucewa.

Kusan shekara ɗari da hamsin burin masana ɗaya ne, wato a rubuta amsar kowace doka a fomula guda. 'Yan gidan Bernoulli da Leonhard Euler sun tara dabaru iri-iri a kan haka. Amma a 1841 Joseph Liouville ya tabbatar da cewa akwai gajerun dokoki, daga dangin da ake danganta wa Riccati, waɗanda ba za a taɓa rubuta amsarsu da sanannun fomuloli ba, komai ƙwarewar mutum. Hanyar tana nan, amma babu alƙalamin da zai rubuta ta a layi ɗaya. Dole aka nemi wata ƙofa.

Tagwayen lambobi

Ƙofa ta farko ta biyo ta wasu lambobi da aka daɗe ana yi wa kallon tuhuma. Kowane ɗalibi ya san in aka ninka lamba da kanta ba ta ba da abin da ke ƙasa da sifili. A Italiya, Gerolamo Cardano ya ci karo da lissafin da ke neman irin wannan lamba a 1545, sannan Rafael Bombelli ya tsara ka'idojin aiki da ita a 1572. Daga baya aka raɗa mata suna i, lambar da ninkinta da kanta ke ba da −1. Kowace sabuwar lamba sai ta zama mai ɓari biyu, a + bi, shi ya sa za mu kira su tagwayen lambobi. Caspar Wessel a 1799 da Jean-Robert Argand a 1806, sannan Gauss, suka nuna inda suke zaune: lambobin da muka saba da su layi ɗaya suke bi, tagwayen kuwa fili guda suke cikawa.

Augustin Cauchy da Bernhard Riemann suka gina kalkulas a kan wannan fili. Ayyukan lissafin da suka dace da shi ana kiran su holomofik, kuma suna da wani hali da ya kamata mai karatu ya riƙe: ba sa yarda a gyara su a wuri ɗaya kawai. Wanda ya san irin wannan aiki a ɗan ƙaramin yanki ya san shi ko'ina, domin guntun ya riga ya ƙayyade sauran.

To me zai faru in aka shigar da tagwayen lambobi cikin dokar sauyi? Ɗauki dokar da amsoshinta su ne da'irori masu tsakiya ɗaya, x² + y² = c. Da zarar x ya zama mai ɓari biyu, y ma haka, sararin ya koma mai awo huɗu. Kowace amsa kuma ta tashi daga siririn zare ta zama faffaɗan falle mai tsawo da faɗi. Da'irar da muke zanawa a allo ita ce kawai inda fallen ya ratsa filin da muka saba. Sararin gaba ɗaya ya cika da fallaye, ba wanda ke ratsa wani, sai a wasu 'yan wurare inda dokar ta ba da sifili ta kowane gefe, ba ta nuna gabas ba ta nuna yamma. Irin wannan wuri za mu kira shi mararraba. Charles Briot da Jean-Claude Bouquet suna cikin na farko da suka tsaya nazarinsa, a 1856.

Poincaré ya sauya tambaya

Ƙofa ta biyu Henri Poincaré, haifaffen Nancy a 1854, shi ya buɗe ta. A jerin rubuce-rubucen da ya fitar tsakanin 1881 da 1886 ya kawo shawarar da ta juya fannin: tun da ba za a iya rubuta kowace amsa ba, a dubi siffar dukkan amsoshin a lokaci guda. Ina suke haɗuwa? Waɗanne ne ke komowa inda suka fara? Waɗanne ne ke tafiya ba waiwaye? Ya karkasa mararraba gida huɗu: wadda hanyoyi ke shiga kai tsaye, da wadda suke kusanta su kauce, da wadda suke murɗawa suna shiga, da wadda suke zagayawa har abada.

Ga misali mafi sauƙi, wanda ya ƙunshi ƙwayar duk abin da ya biyo baya. A ce x yana ƙaruwa gwargwadon girmansa, y kuma yana ƙaruwa ninki biyu na girmansa. Rabon saurinsu 2 ne, amsoshin kuma su ne y = cx², lanƙwasassun layukan da ɗan sakandare ya sani. Yanzu a ɗan taɓa dokar, rabon ya koma 2.01. Amsoshin sun zama y¹⁰⁰ = cx²⁰¹. Dokar ba ta ƙara tsawo ba, amma amsar ta yi tsalle daga mataki na 2 zuwa na 201. In rabon ya zama √2, babu wata fomular tarawa da ninkawa, wato folinomiyal, da za ta kama fallayen. In kuma aka ƙara wa rabon ɗan ɓarin i, kowane falle sai ya riƙa murɗawa yana kusantar layukan x da y duka biyu ba iyaka. Ƙaramar taɓawa ta haifi duniyoyi huɗu mabambanta.

A kundin digirinsa na 1879 Poincaré ya nuna sharuɗɗan da in sun cika, za a iya miƙar da doka mai sarƙaƙiya a kusa da mararraba ta koma irin wannan mai sauƙi. Shekara guda kafin nan, Gaston Darboux ya tabbatar da cewa dokar da ke da isassun amsoshi na folinomiyal tana ɓoye da wani adadi da ba ya sauyawa a kan kowane falle, kuma wannan adadi shi ne mabuɗin warware ta. A 1891 Poincaré ya yi tambayar da har yau ake kira da sunansa: in an san matakin doka, za a iya sanin iyakar matakin amsarta? Misalin 2.01 ya nuna wahalar abin. Paul Painlevé, wanda daga baya ya zama firaministan Faransa a 1917 da 1925, ya faɗaɗa nazarin a laccocin da ya gabatar a Stockholm a 1895 bisa gayyatar Sarki Oscar na II.

Tambayar Hilbert da kurakurai biyu

A 1900, a taron masana lissafi na duniya a Paris, David Hilbert ya gabatar da matsalolin da ya ga za su shagaltar da sabon ƙarni. Jerin da aka buga ya ƙunshi 23. Ɓari na biyu na matsala ta 16 ya shafi keɓaɓɓen zobe, wato rufaffiyar hanya wadda maƙwabtanta ke murɗawa suna kusantarta ko suna nisantarta. Irin wannan zobe ne ke bayyana na'urar da ke bugawa a kan kari ɗaya ko da an ɗan girgiza ta. Hilbert ya tambaya: dokar folinomiyal mai mataki kaza, zobe nawa za ta iya samu, kuma yaya suke jeruwa?

Manyan masana sun yi tuntuɓe a nan sau biyu. A 1923 Henri Dulac ya buga doguwar hujja cewa zobban kowace doka ɗaya suna da iyaka. An yarda da ita kusan shekara sittin, sai a 1981 Yulij Ilyashenko na Mosko ya gano giɓi a cikinta. Cike giɓin ya ci shekara goma: Ilyashenko a 1991 da Jean Écalle na Faransa a 1992 kowa ya kawo tasa hujjar, kowace littafi guda.

Tuntuɓe na biyu ya fi kusa da labarinmu. A 1955 Ivan Petrovsky, shugaban Jami'ar Mosko, da Evgenii Landis suka ce dokar mataki na 2 ba ta wuce zobe uku. Dabararsu ita ce a ɗauki dokar zuwa sararin tagwayen lambobi, a kalli kowane zobe a matsayin kewaye a kan falle, sannan a riƙa jirkita dokar a hankali har ta koma mai sauƙi, a ƙirga a can. Sun ɗauka kewayen zai rayu a duk tsawon tafiyar, kuma nan ne hujjar ta karye. A 1979 Chen Lansun da Wang Mingshu, sannan Shi Songling a 1980, dukkansu daga ƙasar Sin, suka kawo dokokin mataki na 2 masu zobe huɗu. Sakamakon ya faɗi, amma hanyar ta tsaya. Daga lokacin, tambayar abin da ke rayuwa in an jirkita doka ta zama fanni mai zaman kansa a Mosko.

Strasbourg: an ba abin jiki

Kalmar falle da ma'anarta ta lissafi sun fito ne daga hannun Charles Ehresmann da ɗalibinsa Georges Reeb, na Jami'ar Strasbourg, wadda Yaƙin Duniya na Biyu ya tilasta wa ƙaura zuwa Clermont-Ferrand. Sun fitar da gajeriyar maƙala a 1944, kundin Reeb kuma aka buga shi a 1952. Sun ware tsarin fallaye daga dokar da ta haife shi suka mai da shi abin nazari a karan kansa: sarari ne da aka yanka falle-falle, a kusa yana da kyan jeri, a nesa kuma falle ɗaya na iya zagayowa ya wuce kusa da kansa sau babu adadi. Reeb bai manta da asalin abin ba, yana cikin waɗanda suka tattara ayyukan Painlevé aka buga a shekarun 1970.

Makami mafi muhimmanci da wannan makaranta ta ƙera shi ne holonomi, ko dokar dawowa, wadda André Haefliger na Suwizalan ya ƙara kaifafawa a 1958. Ana gicciya ɗan gajeren ma'auni a kan fallaye. Mutum ya tashi daga ma'aunin ya yi kewaye a kan falle ɗaya ya dawo inda ya fara. Abokinsa ya bi shi kafaɗa da kafaɗa a kan falle na kusa. Da suka dawo, abokin na iya samun kansa ya matso, ko ya nisanta, ko ya juya gefe. Ka'idar da ke faɗin inda kowane maƙwabci zai sauka ita ce dokar dawowa, kuma a cikinta tsarin ke ajiye sirrinsa. A 1980 Jean-François Mattei da Robert Moussu suka nuna yadda ake karanta halin mararraba daga wannan doka.

Ilmin jirkitarwa

Shi kansa ilmin jirkitarwa ta wata hanya ya biyo. A 1857 Riemann ya ƙirga cewa rufaffen fili na tagwayen lambobi mai huda g, in g ya kai 2, yana buƙatar lambobi 3g − 3 kafin a bambanta shi da 'yan'uwansa. Ma'ana, siffofin lissafi suna zuwa ne dangi-dangi, kuma dangin kansa sarari ne mai awo. Bayan shekara ɗari, Kunihiko Kodaira na Japan da Donald Spencer na Amurka, suna aiki a Princeton, suka ɗaga wannan tunani zuwa kowane awo a 1958. Hanyarsu mataki biyu ce: a fara gano ɓangarorin da siffa za ta iya motsawa ɗan ƙanƙanin motsi, sannan a duba ko akwai shingen da zai hana motsin ci gaba. A 1962 Masatake Kuranishi ya tabbatar da cewa kowace rufaffiyar siffa tana da dangi guda da ya ƙunshi dukkan ƙananan jirkitarwarta.

Ba a jima ba aka juyo da wannan makami kan fallaye. Kodaira da Spencer da kansu sun fara a 1961. A 1983 Joan Girbau, Haefliger da D. Sundararaman suka samar da irin dangin Kuranishi ga wani babban rukuni na tsarin fallaye marasa mararraba. Masu mararraba sun fi wuya, domin mararrabar kanta na iya gusawa, ko rabewa gida biyu, ko sauya hali. Xavier Gómez-Mont na Mekziko da Tatsuo Suwa na Japan sun yi aiki a kansu a shekarun 1980, Mattei kuma a 1991. Aikinsu ya fayyace cewa jirkitarwa iri biyu ce. A ta farko kowane ɗan dangi yana da fallayensa, ba ruwansa da na maƙwabci. A ta biyu fallayen 'yan dangin suna mannuwa su zama manyan fallaye a sarari mafi faɗi, don haka dokar dawowa ba ta sauyawa. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ita ce ma'aunin abin da ke sauyawa da gaske.

Abin da aka zata da abin da aka samu

A filin lambobin da muka saba, amsar ta riga ta fito, kuma mai kwantar da hankali ce. Aleksandr Andronov da Lev Pontryagin a 1937, sannan Maurício Peixoto na Birazil a 1962, sun nuna cewa galibin dokoki a kan fili suna da juriya: in an ɗan taɓa su, hanyoyi za su gusa kaɗan amma hoton bai sauya ba. Injiniya na iya yin ƙaramin kuskure a awonsa ba tare da hoton ya yaudare shi ba. Ba laifi ba ne mutum ya zaci haka abin zai kasance a sararin tagwayen lambobi.

Akasin haka aka samu. A 1962 M. G. Khudai-Verenov ya nuna cewa a galibin dokokin folinomiyal kusan kowane falle yana yawo har ya kusanci kowane lungu na sararin. A 1978 Ilyashenko ya tabbatar da abin da ake kira tauri: a galibin irin waɗannan dokoki, in wata doka ta kusa tana da hoto iri ɗaya da taka, to ita ce taka, an dai sauya ma'aunin x da y ne kawai. Duk wata taɓawa ta gaskiya, komai ƙanƙantarta, tana sauya hoton.

Dalilin yana can nesa, a layin da masana ke ƙarawa a ƙarshen fili inda layukan da ke tafiya a jere suke haɗuwa. A waɗannan dokoki layin kansa falle ne, kuma akwai mararraba da dama a kansa. Kewaya kowace ɗaya yana ba da dokar dawowa guda. Doka ɗaya ita kaɗai, mai matso da maƙwabta tana juya su, ba ta da tauri. Ana iya lanƙwasa ta ta yi kama da kowace irinta. Amma in suna da yawa, kuma bin wannan kafin waccan ya bambanta da bin waccan kafin wannan, sai su ɗaure juna tamau. Duk wata taswira da za ta daidaita su gaba ɗaya dole ta gaji halin nan na holomofik, wanda ba ya yarda a gyara shi a wuri ɗaya. A farkon shekarun 1980 Écalle, Sergei Voronin, Jean Martinet da Jean-Pierre Ramis suka ƙara nuna cewa akwai mararrabar da lambobi masu iyaka ba sa isa a bambanta ta da 'yar'uwarta.

Bakwai, goma sha huɗu, shida

Daɗin wannan fanni shi ne ana iya ƙirga shi da yatsu. A filin da aka ƙara wa layin nesa, wanda ake kira filin firojektif, matakin tsarin fallaye shi ne yawan wuraren da fallaye ke shafar miƙaƙƙen layi ba tare da sun gicciye shi ba. Tsari mai mataki d yana da mararraba d² + d + 1, babu yadda za a kauce musu. A mataki na 2, bakwai ke nan. Dangin dukkan tsare-tsaren mataki na 2 yana da awo 14. Kowace mararraba kuma lambobi biyu ke faɗin inda take, bakwai sau biyu 14. Wannan dacewa ba a banza take ba: a 1989 Gómez-Mont da George Kempf suka tabbatar da cewa daga mataki na 2 zuwa sama, in mararrabar ba su cure da juna ba, sanin wurarensu ya isa a san tsarin gaba ɗaya.

Daga 14 ɗin nan, 8 sauyin ma'auni ne kawai, saura 6 na gaskiya. Paul Baum da Raoul Bott sun nuna a farkon shekarun 1970 cewa kowace mararraba tana ɗauke da wata lamba da ake samu daga rabon saurin nan da muka gani, kuma jimillarsu a ƙayyade take, (d + 2)², wato 16 a mataki na 2. Lambobi bakwai da sharaɗi ɗaya, saura shida. Alcides Lins Neto na Birazil ya tabbatar da cewa in an ba ka waɗannan lambobi, galibi tsare-tsare 240 ne kacal ke ɗauke da su, in ba a ƙirga sauyin ma'auni ba.

A 1979 Jean-Pierre Jouanolou ya nuna cewa daga mataki na 2 zuwa sama galibin tsare-tsare ba su da ko falle ɗaya na folinomiyal, don haka mabuɗin Darboux na 'yan tsiraru ne. Ya kuma buɗe wata tambaya a sarari mai awon tagwaye uku zuwa sama. A can, ba kowace doka ke haifar da fallaye ba, sai wadda ta cika sharaɗin da Georg Frobenius ya bayyana a 1877. Sharaɗin yana farfasa dangin ya zama gidaje dabam-dabam, kuma ƙaramar jirkitarwa ba ta fitar da ɗan gida na yau da kullum zuwa wani gida. Jouanolou ya samu gida ɗaya a mataki na 0, gida biyu a mataki na 1. A 1996 Dominique Cerveau na Rennes da Lins Neto suka tabbatar da cewa a mataki na 2 gidajen shida ne daidai. A mataki na 3, aikin Jorge Vitório Pereira da abokansa ya nuna aƙalla 24.

Rio, da abin da ya shafe mu

Mai karatu zai lura sunayen Birazil sun yi yawa a ƙarshen labarin. A 1952 Lélio Gama, Leopoldo Nachbin da Peixoto suka kafa cibiyar binciken lissafi ta IMPA a Rio de Janeiro, da ma'aikata 'yan ƙalilan. Suka tura matasa waje, matasan suka dawo suka koyar. Jacob Palis da César Camacho, haifaffen Peru, dukkansu sun yi digirin digirgir a Berkeley a hannun Stephen Smale. A 1982 Camacho da Paulo Sad suka warware tambayar da ta faro tun zamanin Briot da Bouquet: a sarari mai awon tagwaye biyu, kowace mararraba akwai aƙalla falle ɗaya da ke shiga cikinta a tsare. Camacho ɗin nan ne ya jagoranci kafa gasar lissafi ta makarantun gwamnati a 2005, wadda miliyoyin yara ke shiga duk shekara. A 2014 Artur Avila, ɗalibin IMPA, ya karɓi lambar yabo ta Fields, a 2018 kuma Rio ta karɓi baƙuncin taron masana lissafi na duniya.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan zuri'a. Chike Obi, wanda aka haifa a Zariya a 1921, ya samu digirin digirgir a 1950 a kan amsoshin dokar sauyi masu zagayowa, wato ɓangaren da Poincaré ya buɗe. James Ezeilo ya yi nasa a Cambridge a 1958 a hannun Mary Cartwright, kuma shi ne shugaban farko na Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da aka kafa a Abuja a 1988. Iya Abubakar, ɗan Adamawa da ya yi karatu a Cambridge, ya koyar da lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya shugabance ta daga 1975 zuwa 1978. Tun kafin su duka, Muhammad al-Kashinawi ya rubuta littafi a kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. A shekarun 1950 Nijeriya da Birazil duka suna da 'yan tsirarun masana masu hazaƙa. Abin da Rio ta yi shi ne ta ba su wuri ɗaya, da albashi, da ɗalibai, da shekaru masu yawa ba tare da an tambaye su ribar gobe ba.

Tarihin nan ya nuna cewa irin wannan ilmi silsila yake bi, daga malami zuwa ɗalibi, kuma yana jure kuskure muddin akwai wanda zai karanta hujja layi-layi bayan shekara sittin. Ba ya buƙatar injin miliyoyi. Yana buƙatar yaron da aka koya wa lissafi da kyau tun daga firamare, a makarantar da rashin tsaro bai rufe ba, da sashen jami'a da zai riƙe malamansa su yi bincike. Matsala ta 16 ta Hilbert ba ta warwaru ba, ko a mataki na 2. Tambayar da Camacho, Lins Neto da Sad suka yi a 1988, ko dole ne kowane falle a filin firojektif ya kusanci wata mararraba, ita ma tana jiran amsa. Jami'o'in Zariya, Kano, Sakkwato da Katsina suna da sassan lissafi da ɗalibai masu ƙwaƙwalwa. In aka zaɓi ɗaya daga cikinsu aka tara masa malamai biyar ko shida a fanni guda, aka ɗaure masa gindi na shekara ashirin, babu abin da zai hana ɗalibansa shiga sahun masu neman waɗannan amsoshi.